Yadda Ake Shatar Mota a Zaga Tsaunukan Bali a Yini Guda

Akasarin mutanen Zariya da ke zuwa Bali wata hidima ce ke kai su Indunusiya. Malamin Jami'ar Ahmadu Bello da aka gayyata taro, ɗan kasuwar Sabon Gari da ya je sarin yadi a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta, ɗalibin da ke karatu a Maleshiya ya samu hutu. Daga Jakarta jirgi bai cika awa biyu ba ya sauka Denpasar, babban birnin tsibirin Bali. Irin wannan baƙo kwanakinsa ƙidayayyu ne, yana da yini ɗaya ko biyu na ganin gari, kuma abin da ya fi cancantar wannan yinin shi ne tsaunukan tsakiyar tsibirin, inda gonakin shinkafa masu hawa-hawa, da magangarun ruwa, da tsoffin wuraren bautar Hindu suke. Babu motar haya da za a dogara da ita can sama. Manhajojin kiran mota na Grab da Gojek za su kai mutum, amma samun wanda zai dawo da shi sai an yi sa'a. Saboda haka shata ake ɗauka, mota da direbanta, daga safe zuwa magariba.

Tun daga gida a san cewa mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Indunusiya a filin jirgi. Ana nemanta tun kafin tafiya, da wanda zai tsaya wa mutum a can, kuma tana cin lokaci. A riƙe katin rigakafin shawara. Bali kuma tana karɓar harajin baƙi na rupiya (kuɗin Indunusiya) 150,000 a kan kowane mutum tun daga 14 ga Fabrairu 2024.

Taswira tana yaudarar mutum

Babban abin da ke ɓata yini shi ne cika buri. Bali ƙaramar tsibiri ce, sai mutum ya duba waya ya ga kilomita hamsin ya ce ai nan da nan ne, tunda Zariya zuwa Kaduna ma ta fi haka kuma awa guda ake yi. Hanyoyin tsaunin Bali ƙanana ne, hannu ɗaya zuwa hannu ɗaya dawowa, ga kwana a kan kwana, ga babura, ga manyan motocin kayan lambu suna jan ciki a hawa. A yi lissafi da kilomita talatin a awa. Idan aka ci karo da jerin gwanon masu zuwa bauta, hanya ta tsaya ke nan, kuma babu mai danna musu oda.

Don haka zango uku ya isa yini: wurin bauta ɗaya, magangara ɗaya, gona ɗaya, duka a ɓangare guda. Tallan da ke alkawarin wurare bakwai ko takwas a yini, abin da ake saya a ciki zaman mota ne da saukowa a ɗauki hoto a koma.

Hanyoyi biyu ne suka fi dacewa. Ta arewa ita ce Tafkin Beratan a Bedugul, sai magangarar Banyumala, sai gonakin Jatiluwih. Ta kusa da garin Ubud kuwa ita ce gonakin Tegallalang, wurin bautar Tirta Empul ko na Gunung Kawi a Tampaksiring, sai a haura Kintamani a hango Dutsen Batur mai aman wuta. Ta biyun ta fi sauƙi ga mai tafiya da dattijo ko ƙananan yara. Ta farkon ta fi kyau nesa ba kusa ba, kuma ta fi sauƙin salla da abinci, shi ya sa za mu fi daɗewa a kanta. Kada a haɗa su a rana ɗaya. Ita ma ƙofar nan ta wurin bautar Lempuyang da ake yawan gani a hotuna tana can gabas mai nisa, layin ɗaukar hoto yakan kai awanni, kuma "ruwan" da ake gani a ƙasan hoton madubi ne mai ɗaukar hoto ke karawa a bakin waya.

Ciniki da direba

Otal zai iya haɗa mutum da direba, amma da nasa kason a sama. Yawancin direbobin ta WhatsApp suke aiki, to a yi duk maganar a rubuce tun jajibiri. Kuɗin na mota ne, ba na kai ba. Ƙaramar mota irin Toyota Avanza ta awa goma takan kama daga rupiya 600,000 zuwa miliyan ɗaya, gwargwadon nisa da lokacin shekara. Innova ta fi tsada kuma ta fi daɗin hawa dutse. In an wuce mutum biyar a nemi Hiace, domin kujerar ƙarshe ta Avanza ba ta babban mutum ba ce a tafiyar awa biyu.

Abubuwan da dole su fito a rubuce:
ƙarfe nawa zai zo, kuma daga yaushe awa goman ta fara ƙirguwa;
nawa ne kuɗin kowace awa da ta ƙaru;
mai da kuɗin fakin suna ciki ko a'a, galibi suna ciki;
kuɗin shiga wurare da abinci, galibi ba sa ciki;
sunayen zangunan ɗaya bayan ɗaya, domin na arewa wasu direbobin kan ƙara kuɗi;
da lokutan tsayawa salla.

Sai wata jimla da ke ceton awa biyu: ba a son tsayawa shaguna. Direbobi da yawa suna samun la'ada idan suka kai baƙo gonar kofi, ko shagon azurfa, ko wurin sassaƙa, ko gidan abinci mai tsada. Ba sata ba ce, haka sana'ar take, amma lokacin baƙo ake ci. Gonar kofin nan da ake cewa ɗanɗano kyauta ne, ƙarshenta shago ne. Gara a ƙara wa direba tukuici mai kauri da yamma, a gaya masa haka tun da safe. Kuma direba daban, ɗan jagora daban. Direba yakan ajiye mutum a ƙofa ya jira a wurin fakin. Mai son bayani sai ya nemi wanda ke yin duka biyun, ya gwada Turancinsa ta saƙon murya kafin ya ba da kafin alƙalami. Sauran kuɗi sai an dawo masauki.

A riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan ƙofofi ba su san kati ba, katin naira kuwa ba abin dogaro ba ne a waje. Kuɗin shiga na baƙo yakan kama daga 20,000 zuwa 100,000 a kowane wuri. A canza dala a shagon canji mai lasisi, a ƙirga da hannu kafin a bar kanta. Sifili ya yi yawa a rupiya, takardar 100,000 ja ce, ta 10,000 shuɗiya mai ja-ja, da dare ko cikin gaggawa ana rikita su.

Hanyar arewa, daga asuba

Daga Ubud a tashi ƙarfe shida da rabi. Daga Kuta ko Seminyak da ke kudu a tashi shida, domin tafiyar ta kai awa biyu. Dalilin sammakon nan ba cunkoso kaɗai ba ne. Bedugul tana kan tudu na kusan mita 1,200, kuma da zarar rana ta raba hazo yakan sauko ya rufe tafkin, sau da yawa da yayyafi. Wanda ya iso ƙarfe biyu zai iya biyan kuɗin shiga ya tsaya gaban farin bango.

Wurin bautar Ulun Danu Beratan, wanda aka gina a 1633, yana bakin tafkin, da hasumiyoyi masu rufi hawa-hawa da suke kamar a kan ruwa suke zaune. An gina shi ne saboda abar bautar da mutanen wurin ke dangantawa da ruwa, domin daga tafkunan tsaunin nan ruwan noman kudancin tsibirin ke gangarowa. Awa guda ta isa. A ɗauki rigar sanyi mara nauyi.

Baƙo farfajiyar waje yake tsayawa, can ciki na masu bauta ne. A yawancin wuraren bautar Bali ana ɗaura wa kowa zani da ɗamara a ƙofa, maza da mata, ko da mutum yana sanye da dogon wando. Kaftani ko abaya sun rufe jiki, amma in an ce sai da ɗamara a karɓa kawai. Ƙa'idarsu ta hana mace mai haila shiga. Ƙananan faifan ganye da furanni da turare da ake ajiyewa a ƙasa kayan ibadarsu ne, a kewaye su. A Tirta Empul, wanda ya samo asali tun shekarar 962, za a ga baƙi suna shiga ruwa suna sa kai ƙarƙashin bututu. Wannan ibadar tsarki ce a addinin Hindu, kuma wasu masu shirya yawo suna saka ta cikin tsari ba tare da tambaya ba. A faɗa wa direba tun farko cewa kallo kawai aka zo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga wurin bautar ba, ana hango Ulun Danu daga bakin tafki ko daga kwalekwale.

Alherin wannan hanya shi ne ƙauyen Candikuning da ke manne da tafkin yana da Musulmi da yawa. Masallacin Al-Hidayah yana kan tudu yana kallon ruwa, kuma akwai gidajen abincin Musulmi a gefen titi. A tsara yadda azahar za ta riski mutum a nan, a dawowa daga magangara, a haɗa da la'asar in an ɗauki sauƙin matafiyi. Alƙibla a Bali yamma take, da ɗan karkata arewa, saɓanin yadda jiki ya saba.

Maganar abinci a taƙaice: "babi" alade ne, kuma gasasshen alade shi ne abincin alfaharin tsibirin. Akwai haɗin da ake kira lawar, wani lokaci da jini a ciki. A nemi allon da aka rubuta "warung Muslim" ko "masakan Padang", ko tambarin halal. Ruwan famfo ba na sha ba ne.

Magangara: ƙirga matakala kafin a sauka

Daga Bedugul zuwa Banyumala kamar minti arba'in ne, ta kan tudun da ke kallon tagwayen tafkuna, Buyan da Tamblingan. Birai na zama gefen wannan titi. Kada a miƙa musu abinci, a ɓoye tabarau da waya, kuma cizo ko yakushi maganar asibiti ce a ranar, domin akwai cutar haukan kare a tsibirin.

Kusan duk magangarun Bali a cikin kwazazzabo suke, wato sauka ake fara yi, wahalar tana dawowa. Banyumala saukar minti goma sha biyar zuwa ashirin ce a kan matakalar ƙasa da itace. Nungnung tana da matakala kusan ɗari biyar. Sekumpul, mai tsawon kusan mita tamanin, ta fi duka ban mamaki, amma da tsallaka rafi da ƙafa, kuma tana cinye rabin yini, wanda ya zaɓe ta sai ya haƙura da zango ɗaya. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya a Gitgit, wadda hanyarta ta fi sauƙi.

Silifas na roba shi ke kayar da mutane, domin duwatsun gansakuka ce ta lulluɓe su. A sa kambas mai kama ƙasa ko sandal mai maɗauri. Ƙurar ruwa tana jiƙa mutum tun kafin ya isa gindin magangarar, to a zo da kayan canji da leda ta waya, mata kuma su bar doguwar abaya mai jan ƙasa a mota su sa wando da riga mai tsawo. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce. In aka ga ruwan ya rine ya koma ja, ko ƙararsa ta ƙaru, a fita daga kwarin nan take: an yi ruwa a sama ke nan, ambaliya na iya isowa alhali inda ake tsaye ko ɗigo babu. Mai jiri a mota ya zauna gaba, ya sha maganinsa rabin awa kafin tashi. A kantunan can ana sayar da shi da sunan Antimo.

Jatiluwih

Daga Bedugul kamar awa guda ne zuwa Jatiluwih, a gindin Dutsen Batukaru. Gonakin sun haura hekta 600, kuma suna cikin wuraren da UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a 2012 saboda tsarin rabon ruwa da ake kira subak, wanda ya faro tun wajen ƙarni na tara. Manoman da ke shan ruwan madatsa ɗaya ƙungiya ɗaya ce, da shugaban da suka zaɓa. Tare suke yanke ranar dashe, tare suke hutar da gona, abin da ke yanke wa ƙwari abinci a lokaci guda. Ruwa yana shiga fala ta sama, ya cika, ya zubo ta wata 'yar tsaga a kunya zuwa ta ƙasa. Duk mai noman rani a bakin Galma, ko ma'aikacin cibiyar binciken noma ta Samaru, ya tsaya ya duba inda magudana ke rabuwa: itace ne ko siminti aka yi wa yanka, faɗin kowane yanka daidai da girman gonar da zai shayar.

Akwai hanyoyin ƙafa masu alama, gajeriyar ba ta kai awa ba, dogayen suna kai awanni. Da la'asar gajeriyar ta wadatar. Kada a taka kunya, laka ce mai laushi, in ta karye ruwan wani ne ya tafi.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne gona ba kullum take kore ba. Bayan girbi tushiya ce da taɓo. A Jatiluwih jar shinkafar gargajiya tana cika ido wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ana girbinta wajen Mayu da Yuni, amma jadawalin yana motsawa. A ce direba ya turo hoton wannan makon kafin a tsayar da hanya. Tegallalang ƙarama ce, ta cika da liluna da shagunan shayi, kuma ana iya neman 'yan kuɗi a wasu mashigai bayan an biya na ƙofa. In can za a je, a isa kafin ƙarfe takwas.

A bar Jatiluwih kafin biyar, domin magariba tana faɗuwa wajen shida da kwata zuwa bakwai saura, kuma cunkoson shiga kudu da yamma yana iya tura mutum cikin awar ƙari. Kafin a sayi tikitin jirgi ma a duba ranar Nyepi, ranar shiru ta sabuwar shekarar Hindun Bali, wadda galibi ke faɗowa a Maris. Ranar nan tsibirin gaba ɗaya yake rufewa na awa ashirin da huɗu, har filin jirgi, kuma ba a barin baƙo ya fita daga harabar otal.