Yadda za ka riƙe kiɗa mai sauƙi a kalangu

Kiɗa mai bugu uku ko huɗu shi ke tona asirin makaɗi, domin babu kwalliyar da zai fake a bayanta. Saita manhajar ƙidayar bugu a wayarka kan 70 a minti, ka yi minti 10 kana maimaita salo guda, ko ƙari ɗaya kar ka yi.

Riƙe gula, wato sandar kiɗan, sako-sako. In ka damƙe ta, sai ta manne a fata, amon ya mutu. Matse tsarkiya, wato igiyoyin da ke jan fatar kalangu, da damtse kafin gula ta sauka, sai fa in so kake muryar ta zame.

Sannan ka naɗi kiɗanka ka saurara. Yawanci ƙananan bugun ne ke riga lokacinsu, musamman bayan an canza salo. Rage gudu zuwa 60 har su zauna daram.