Darasi na 7: Ƙoda da Gwajin Fitsari

Kai hannunka baya, ka dafa kwiɓinka daidai inda haƙarƙari ya ƙare. A nan ƙoda take, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙashin baya na tsakani. Aikinsu tace jini, ba dare ba rana. Ka ga yadda uwargida ke tace gasara da mataci? To, cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan 1. Sai dai a nan datti ne ke wucewa ya zama fitsari, ƙwayoyin jini da furotin, wato sinadarin gina jiki, kuma su tsaya a jiki. A kwana guda ƙoda kan tace ruwa wajen lita 180, ta mayar da kusan dukansa cikin jini, abin da ke sauka mafitsara lita ɗaya da rabi ne ko kusa da haka. Ita ce kuma ke daidaita gishiri da ruwan jiki, tana da hannu a bugun jini, tana taimakawa wajen ƙera sabon jini.

Abin da ke tayar da hankali shi ne ƙoda kan daɗe tana lalacewa mutum bai ji komai ba. Yana zuwa kasuwar Kwari ko Singa, yana cin tuwonsa lafiya lau. Kafin ƙafa ta kumbura, fuska ta tashi da safe, kasala ta rufe shi, sau da yawa ɓarna ta yi nisa. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Duk mai ɗaya daga cikinsu ya kamata a duba fitsarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin garau.

Idan likita ya rubuta maka gwajin, za ka kai takardar ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikacin zai miƙo maka 'yar roba mai murfi, ya rubuta sunanka a jiki. Za ka ji yana cewa:

"Baba, a wanke hannu, a yi tsarki. Na farkon a bar shi ya zuba, na tsakiya za a tara mana. Kada yatsa ya shiga cikin robar."

A nan mutane da yawa ke ɓata gwajinsu, don haka a kula. Fitsarin farko yana wanko dattin bakin mafita, shi ya sa ake zubar da shi. Kada a zuba a robar lemo ko kwalbar magani, ko an ɗauraye ta. Ɗan zaƙin da ya rage zai iya nuna sukarin da babu shi. Idan an ce na asuba ake so, a tara na farkon tashi daga barci, don ya fi kauri. A kai shi cikin awa 1, kada ya wuce awa 2, domin a zafin Kano ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a robar nan da nan. Mace mai al'ada ta faɗa tun kafin ta karɓi roba, babu abin kunya a ciki. Wanda ke shan magani shi ma ya faɗa.

Ma'aikacin zai tsoma wani siririn tsinke mai ƙananan gidaje kala-kala, ya jira kamar minti 1 zuwa 2, ya gwada launin da na jikin kwalbar tsinkayen. Ganin furotin na iya nuna matatan sun fara yoyo. Irin wannan fitsarin yakan yi kumfar da ba ta saurin kwanciya. Sukari yakan nuna ciwon sukari. Jini kuwa na iya zuwa daga tsakuwar ƙoda, ko ciwon mafitsara, ko tsargiya. Yaran da ke wanka a kududdufi ko a hanyoyin ruwan noman rani suna yawan kamuwa da tsargiya, kuma ana ganin ƙwanta idan aka duba fitsarin da madubin likita. Yaro ya yi fitsari da jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Idan ana neman ainihin ƙwayar cutar, sai an shuka fitsarin, wato a bar ƙwayoyin cikinsa su tsiro a ɗakin gwaji, sakamako ya ɗauki kwana 2 ko 3. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, zazzaɓi ma kan kawo furotin na ɗan lokaci. Likita zai iya cewa a maimaita, ya haɗa da gwajin jini.

Roƙonmu ga mai dako da ɗan garuwa da direban adaidaita: a rage haɗin maganin ciwon jiki da ake saye a kemis ko a faranti. Ibuprofen da diclofenac, idan aka mayar da su na kullum, suna cin ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. A bazara a sha ruwa sosai, a watan azumi kuma a sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wankin ƙoda, ya kuma fara dashen ƙoda a 2002. Amma wanki kan kai sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4, kuma kuɗinsa ya sa gidaje da dama sun sayar da fili da gona. Gwajin fitsari kuɗinsa kaɗan ne, ana yinsa a Asibitin Murtala da ƙananan asibitocin unguwa.

Aikin gida: rubuta kalmomin nan sau 3 a littafinka: ƙoda, fitsari, gwaji, mafitsara. Sannan ka rubuta sunayen masu hawan jini ko ciwon sukari a gidanku, ka tambayi kowannensu yaushe rabonsa da gwajin fitsari.