Yadda ake hawa daga ƙasa a aikin koci a Sifen: bi sawun Unai Emery

Duk wanda ke zaman gidan kallon ƙwallo ya san yadda 'yan Arsenal suka riƙa yi wa kocinsu Unai Emery dariya a 2019 saboda yadda yake furta gaisuwar yamma da Turanci, to amma in kana son ka gane yadda mutumin da bai yi suna yana ɗan wasa ba yake zama babban koci a Sifen, wallahi babu wanda zan nuna maka sai shi. Guardiola da Xabi Alonso sun shigo aikin da sunansu a hannu, ƙofa a buɗe take musu tun kafin su ƙwanƙwasa. Shi kuwa Emery wasa 5 kacal ya buga a La Liga, a Real Sociedad, sauran rayuwarsa ta ɗan wasa a ƙananan kulob ya yi ta, su Toledo da Racing Ferrol da Leganés. Shi ya sa hanyarsa ta fi saurin koyuwa.

Abu na farko, takarda. A Sifen ba a ba ka benci don kawai ka iya ihu a bakin fili, hukumar ƙwallon ƙasar ce ke gudanar da kwasa-kwasan lasisi bisa tsarin UEFA, ka fara da C, ka je B, ka je A, sai na sama wato Pro, kuma ba ka riƙe kulob a La Liga sai da wannan na saman. Tsakanin mataki da mataki sai ka yi aiki a fili da wata ƙungiya tukuna, ba wai ka zauna a aji ka haddace ka wuce ba. Shawarata a nan ita ce ka fara karatun tun kana buga wasa, kar ka jira sai ƙafa ta ƙi, domin ranar da dama za ta zo ba ta sallama.

Ga yadda ta zo wa Emery. A kakar 2004/05 yana ɗan wasan tsakiya a Lorca Deportiva, wani ƙaramin kulob a yankin Murcia da ke rukuni na uku a lokacin, sai ya ji mummunan ciwo a gwiwa, ana cikin haka shugaban kulob ɗin ya miƙa masa aikin koci a tsakiyar kaka, yana ɗan shekara 33, wato mutanen da jiya yake canza kaya tare da su yau shi zai ce wane ka zauna a benci. Ya karɓa. Ƙarshen kakar ya haura da su rukuni na biyu, kuma abin mamaki Real Unión suka doke a wasan ƙarshe na neman hawa, kulob ɗin da kakansa Antonio ya tsare wa raga. To ka ga darasi na biyu kenan, kar ka raina kulob ɗin da ya fara kiranka. Guardiola kansa da Barcelona B, wato ƙungiya ta biyu ta kulob ɗin, ya fara a 2007 a rukuni na huɗu, Xabi Alonso da yaran Real Madrid 'yan ƙasa da shekara 14 ya fara a 2018 kafin ya koma Real Sociedad B, shi kuma Luis de la Fuente da ya ci wa Sifen kofin Turai a 2024 kusan shekara goma ya yi yana fama da tawagogin matasa na ƙasar. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a can a ƙasa ake gwadawa.

Sai maganar hawa, kuma nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Mataki ɗaya ake ɗauka a lokaci guda. Emery bai tashi daga Lorca ya faɗa babban kulob ba, ya ƙara kaka ɗaya a can suka ƙare na 5 a rukuni na biyu, sannan a 2006 ya koma Almería, ya kai su La Liga a 2007, kaka ta gaba suka ƙare na 8, sai a 2008 Valencia ta kira shi. Ka lura kowane wuri sai da ya bar abin da za a nuna da yatsa kafin ya tashi. In ka bar kulob ba ka bar komai ba to wanda zai ɗauke ka a gaba da me zai auna ka?

A Valencia ne ake koyon darasin da ni a ganina ya fi kowanne muhimmanci ga koci a Sifen in ba Madrid ko Barcelona yake ba, wato ka iya aiki alhali ana sayar maka da 'yan wasa. Kulob ɗin bashi ya yi masa katutu, a 2010 aka sayar da David Villa ga Barcelona da David Silva ga Manchester City, a 2011 Juan Mata ya tafi Chelsea, amma duk da haka sau uku a jere Emery ya ƙare na uku, daga 2010 zuwa 2012, kuma kar ka manta lokacin Barcelonan Guardiola ne da Madrid ɗin Ronaldo, na uku shi ne iyakar abin da mutum zai samu. Ta yaya ake yin haka? Ka gina tsari wanda ba a kan mutum ɗaya ya dogara ba, kowa ya san inda zai tsaya in an rasa ƙwallo da inda zai ruga in an ƙwato, yadda in an cire wani aka saka wani injin ba zai tsaya ba. Kuma ka shirya wa rashin godiya, don duk da na ukun nan magoya bayan Valencia ba su taɓa rungumarsa da hannu biyu ba.

Kayan aikinsa kuwa bidiyo ne. Mutumin nan yana kallon wasan abokin hamayya har ya gaji da kansa, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya tara 'yan wasa ya nuna musu ɗaya bayan ɗaya, har Joaquín da ya yi wasa a ƙarƙashinsa a Valencia ya taɓa yin barkwanci cewa yawan bidiyon ya sa guggurunsa ya ƙare. In za ka kwaikwaya, fara da abu uku a kan ƙungiyar da za ka haɗu da ita: yadda suke fito da ƙwallo daga baya, wane gefe ne yake buɗewa in sun kai hari, da yadda suke tsayuwa a kwana da firikik. Amma fa ka san adadin da kan ɗan wasa zai ɗauka, ba kowa ke jure zaman awa guda gaban allo ba, wasu minti goma ya ishe su.

Wannan shiri na wasa ɗai-ɗai shi ya sa ya fi kowa iya gasar sili-ɗaya-ƙwale. Ya zo Sevilla a Janairun 2013, ya ci kofin Europa sau uku a jere, Benfica a fenareti a 2014, Dnipro 3-2 a 2015, Liverpool 3-1 a 2016. Abin dariya a kakar ƙarshen nan ko wasa ɗaya ba su ci a waje ba a lig, amma kofi ya rufe bakin kowa. To ka nemi abin da za a san ka da shi, kofi ɗaya ko salo ɗaya wanda in an ambata sunanka zai faɗo a ran shugaban kulob. Sannan ka nemi daraktan wasanni da kuke jin yaren juna, a Sevilla a lokacin Monchi ne ke nemo 'yan wasa da araha ya sayar da tsada, Emery nasa ya dafa abin da aka kawo daga kasuwa.

Yanzu sai inda abin ya ƙi, don ba za ka koyi hanyar ba in ba ka san ramukan da ke cikinta ba. A 2012 ya tafi Spartak Moscow bai san yaren ba bai san ƙasar ba, wata shida bai cika sosai ba aka sallame shi bayan Dynamo ta zuba musu 5-1. A PSG kuma ya ci lig a 2018 amma abin da duniya ta riƙe shi ne Maris ɗin 2017, bayan sun ci Barcelona 4-0 a Faris a Fabrairu suka je Camp Nou aka yi musu 6-1, sannan ga Neymar da aka saya yuro miliyan 222 yana jayayya da Cavani kan wa zai buga fenareti, koci yana tsaye yana kallo. Arsenal kuma ya gaji Wenger da ya yi shekara 22 a kujerar, ya kai su wasan ƙarshe na Europa a Baku Chelsea ta ci su 4-1, a Nuwamban 2019 aka kore shi. In ka haɗa ukun abu ɗaya za ka gani, salon da ya dogara da dogon bayani ba ya tafiya in harshe bai kama ba, kuma ba ya tafiya a inda ɗan wasa ya fi koci ƙarfi a wurin masu kulob. Saboda haka kafin ka sa hannu a kwantiragi ka tambayi wa ke da ta cewa a kan saye da sayarwa, ka kuma fara koyon yaren tun kafin ka hau jirgi.

In an kore ka, kuma za a kore ka, ka koma inda ya yi daidai da kai ba tare da jin kunya ba. A 2020 Emery ya karɓi Villarreal, kulob na garin da mutanensa ba su wuce dubu hamsin da 'yan kai ba, a 2021 ya fitar da Arsenal a wasan kusa da na ƙarshe sannan ya doke Manchester United a Gdansk da fenareti 11-10, De Gea ne ya ɓarar da na ƙarshe, kofin Europa na huɗu kenan a hannunsa. Shekarar da ta biyo ya fitar da Juventus da Bayern a gasar zakarun Turai, kuma ɗan Najeriya Samuel Chukwueze ne ya shigo daga benci ya ci ƙwallon da ta kashe Bayern a gidansu a minti na 88. Newcastle ta neme shi a ƙarshen 2021 da sabon kuɗinta ya ce a'a, ya jira har Oktoban 2022 da Aston Villa ta zo tana can ƙasan teburi bayan korar Gerrard, ta kuma yarda ta ba shi wuƙa da nama, ya zo da mutanensa, a 2023 aka kawo masa Monchi. Ya ƙare na 7 a kakar farko, ta biyu na 4, Villa ta koma babbar gasar Turai bayan sama da shekara arba'in, a 2025 kuma sai a kwata-fainal PSG ta iya fitar da su, shi ma da ƙyar, 5-4 a wasa biyu.