Darasi na 7: Wuta-wutar Wake Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Manomin Sakkwato ya san wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji. Amma wadda ke cin gero da dawa daban take da wadda ke cin wake. Ta gero doguwa ce, mai koren ganye da manyan furanni. Ta wake gajeriya ce, ganyenta ƙanana ne kamar ɓawo, tana fitowa tsiri-tsiri da yawa daga gindi ɗaya. Ta gero ba ta kama wake, ta wake kuma ba ta kama gero.

Ƙwayar irin wuta-wutar wake ƙanƙanuwa ce kamar ƙura. Gindi ɗaya yana zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba sa tsira sai sun ji ruwan da saiwar wake ko ta wasu tsirrai ke fitarwa. Da zarar ƙwaya ta tsira, sai ta maƙale a saiwar, ta riƙa tsotse ruwa da abinci. Duk wannan a ƙarƙashin ƙasa ake yi. Shi ya sa za ka ga wake ya tsumbure, tsakanin jijiyoyin ganyensa ya yi rawaya, kai kuwa ba ka ga ciyawar ba tukuna. Kafin ta leƙo, ta riga ta yi ɓarna. An fi ganin haka a jigawa, inda ƙasa ta gaji kuma ruwan sama bai da yawa.

Yanzu ga jigon darasin. Wuta-wutar wake ita ma gida-gida ce. Masu bincike sun rarrabe dangi 7 a Afirka ta Yamma: na Burkina Faso, na Mali, na Kamaru, na Senegal, biyu a ƙasar Benin, sai wanda Nijeriya da Nijar suka yi tarayya a kansa. A ido duk ɗaya suke. Bambancin yana cikin gadon halittarsu. Furen wannan ciyawa shi ke barbarar kansa, don haka 'ya'ya kan ɗauko halin uwa sak, kowane dangi ya riƙe nasa. Akwai ma waɗanda ke bin tsiron daji, irin su baba, kuma sau da yawa ba ruwansu da wake.

Me wannan ya shafi manomi? Irin waken da ya gagari wani dangi, wani dangin na iya cinye shi. An taɓa samo wani wake daga ƙasar Botswana, ana ce masa B301, wanda ya jure wa dangogi da dama, har da namu. Da aka shuka shi a Zakpota ta ƙasar Benin, wuta-wutar can ta kama shi. Saboda haka in mai sayar da iri a kasuwar Illela ya ce maka, “Alhaji, wannan wuta-wuta ba ta taɓa shi,” tambaye shi: “Ta wace ƙasa, malam?”

A nan gida, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da IITA, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, sun fitar da SAMPEA 10 a 2008, mai jure wa dangin namu. Nemi irinsa ta hannun malamin gona. Ko shi ɗin ma, kada ka cika gona da shi a daminar farko. Zaɓi wurin da ciyawar ta fi yawa, ka shuka kunya biyar nasa kusa da kunya biyar na wakenka na gida, ka zuba ido.

Duk wadda ta fito, tuge ta tun ba ta yi fure ba, ka ƙone. Barinta a bakin gona ta bushe kuskure ne babba, domin iri zai zuba. Kada ka sussuke wake a kan ƙasar da take da ita, kuma ka kakkaɓe fartanya kafin ka shiga wata gona.

Aiki: Rubuta bambanci biyu tsakanin wuta-wutar gero da ta wake. Sannan ku tattauna a aji: wane irin wake ne ya fi jure mata a ƙauyenku, kuma daga ina aka kawo shi?