Yadda ake tace muhawarar tarihi kafin a yaɗa ta

Muhawarar da ta cancanci a kai ta gaba ita ce wadda mai magana ya faɗi inda ya samo zancensa. Wanda ya ce a Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ya gani, ko a Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, ya ba ka sawun da za ka bi. Mai "an ce" kuwa, a bar masa kayansa. Labarin baka yana da daraja, amma a bayyana cewa na baka ne, a faɗi garin da aka ji shi, don ruwayar Sakkwatawa kan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 ba lallai ta zo ɗaya da ta Gobirawan Sabon Birni ba.

Sai shekaru, nan ne aka fi tuntuɓe. Malaman jihadi da Hijiriyya suka yi lissafi. Don a juya ta zuwa Miladiyya, a ninka da 0.97 a ƙara 622. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1232, lissafin zai ba ka 1817, daidai. Amma 1218, shekarar hijira daga Degel zuwa Gudu, ta ratsa 1803 da 1804, sai an san wata kafin a yanke. Fabrairun 1804 ne. Saɓanin shekara ɗaya tsakanin masu muhawara sau da yawa daga nan yake, ba ƙarya wani ya yi ba.

A kula da sunaye masu maimaituwa. Attahiru biyu ne suka yi sarautar Sarkin Musulmi a 1903: na farko ya bar Sakkwato bayan yaƙin Giginya, ya yi shahada a Burmi, na biyu shi Turawa suka naɗa. Hoton da aka liƙa wa sunan Shehu ko Bello kuwa a cire shi kai tsaye, don Bello ya rasu a 1837, ɗaukar hoto bai bazu a duniya ba sai daga 1839.

In za a tura, a nemi izinin mai magana, a sa sunansa yadda yake so a kira shi. Kada a gutsure muryar WhatsApp a tsakiyar hujja. A tura ta tare da martanin wanda ya ja da shi. A goge lambobin waya daga hoton allo. Yabo ma a ba shi nama: "Malam, Allah ya ƙara basira, bambance Attahiru biyun nan ya warware mana" ya fi "madalla" tsura.

Abin da ya gagara warwarewa, a kai shi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato a duba rubutun hannu, a dawo da sunan littafi da shafi.