Feshin maganin ƙwari a lambu: awo, lokaci da kare ruwan tur'a

Duk mai lambu a gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Mai Wurno zuwa Wad Madani, ya san kuɓewa ba ta jira: yau ka tsinka, jibi ka sake. Don haka kafin ka sayi magani, fara duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba, wato tsakanin feshi da ɗiba. Wani kwana 3 ne, wani 7, wani har 21. Mai kwana 14 ba na kuɓewa ba ne, ba na jarjir (wani ganyen salak) ko lalo ba, domin ganyen da ka jiƙa da guba shi ne za a ci. Ka ɗebe duk abin da ya isa ɗiba tukuna, sannan ka yi feshi.

Maganin auduga kuwa a bar wa auduga. Wanda ake tsiyayowa cikin gorar ruwa a kasuwa, babu takarda babu suna, kada ka karɓa komai arharsa. Maganin da ake kira endosulfan ya shiga jerin haramtattu na yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm tun 2011. Dubi launin zanen da ke ƙasan takardar jikin kwalba: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Wajen awo ne aka fi yin ɓarna. Cika famfon goyo mai lita 16 da ruwa zalla, ka fesa da irin tafiyar da ka saba, ka auna filin da ya ci. A ce murabba'in mita 400 ne. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ke nan famfo goma da rabi. In takarda ta ce mililita 200 ga faddan, kowane famfo zai ɗauki kamar 19. Yi awon da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Masu "ƙara kaɗan don ya yi ƙarfi" ganye suke ƙonawa, su kashe ƙwarin da ke cinye miyagun ƙwari. Jazira, babban yankin noman rani na Sudan, ta ga haka a shekarun 1970, lokacin da yawan feshin auduga ya bar farin ƙuda ya zama annoba. Tsutsar tumatir, Tuta absoluta, ita ma saurin sabawa da magani gare ta, don haka a riƙa sauya rukunin magani, wato sinadarin da ke cikinsa. Sauya sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa.

Yi feshi bayan la'asar, iska ta kwanta, ƙudan zuma sun bar furen ajjur (wani irin kokwamba) da kabewa. Sa riga mai dogon hannu, takalmin roba, safar hannu ta roba da abin rufe hanci. In bakin famfo ya toshe, kada ka hura da baki.

Sai batun ruwa. Tur'a, wato magudanar da kake ban ruwa da ita, daga ita ake ɗiba a ƙauyen gaba, awaki su sha, yara su yi wanka. Ɗebo ruwa da bokiti ka haɗa magani nesa da gaɓa, a can kuma za ka wanke famfo. Magungunan da sunansu ke ƙarewa da "thrin" kaɗan ya isa ya kashe kifi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfo, a huda ta don kada ta koma jarkar mai ko ta ruwan sha.

Ɗarbejiya, wadda ake kira nim a nan, tana rage dogaro da guba: daka ƙwayar 'ya'yanta giram 500, jiƙa a lita 10 ta kwana, tace da ƙyalle, a fesa da yamma. Ba ta kashewa nan take, hana ƙwari ci take yi, kuma rana na kashe ƙarfinta, sai an maimaita duk mako.

In mai feshi ya fara zufa, dalalar miyau, amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, a cire masa kaya, a wanke shi da sabulu. Kada a ba shi madara, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti tare da kwalbar, domin da ita likita zai san ko allurar atirofin ce ta dace.