Yadda za ka fita dashen itatuwa ba ka bar leda a daji ba

Duk ranar 3 ga Agusta samarin Damagaram kan cika motoci su nufi wajajen Mirya, Matamaye ko Tanut aikin sa kai na dashe. Da yamma a dawo, fili ya yi fari da ledar ruwa. Dokar hana leda tana nan a Nijar tun 2014, amma a daji ba mai bin ka da ita.

Fara da ruwa. Kar ka sayi ƙullin piya wata. Nemi bido mai lita 20, ka wanke shi, ka naɗe da buhun algarara ka jiƙa, iska za ta sanyaya shi. Ee, bidon ma roba ne, amma yana shekaru yana aiki. In kana da salka ta fi. Kowa ya riƙe kofin ƙarfensa. Ruwan rijiyar ƙauye kuwa a tafasa ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs, ba tsada.

Guzuri ka je kasuwar Dole da kwanonka mai murfi: ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo. Miƙa kwanon kafin hannun mai kaya ya kai ga leda, don in ya riga ya ƙulla, kunya za ta sa ka karɓa.

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne ledar dashen kanta, baƙar nan da ake renon tsiro a ciki. Wasu su binne ta tare da itacen, saiwa ta yi ta kewaya ciki har tsiron ya tsumbure. Wasu su yage su yar. Sa reza ka yanke gindin, ka tsaga gefe ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ka zare a hankali kada dunƙulen ƙasar ya wargaje. Nan take ka cusa ta cikin buhun da ka ɗaura a ƙugu. Kar ka ce sai an gama, iska ba ta jira. Za ta rataye ta a ƙaya, akuya ta haɗiye, tumbinta ya toshe. Makiyayin da ya rasa akuya ba zai kare maka dashenka ba. Tsiro ɗari aka ba ku, leda ɗari za ku ƙirga a buhu.

Kayan tsabtar jiki kuwa, sabulu na sanda, asuwaki, shi ke nan. Buhun ledar ya hau mota da ku, kar a ƙona shi kusa da dashe.